Sanyin da Ya Raba Gangaren Aubrelac

Aubrelac, Saint-Émilion
Ƙarshen Fabrairu, 1956

Zuwa ga yayana Séverin,

Ina gaishe ka, ina gaida Réjeanne, matarka da har yau hotonta kawai muka sani. Ina fata haƙar hanyar jiragen ruwan nan taku ba ta cinye ka ba. Mu nan lafiya, in ban da tarin da Papa ke fama da shi, wanda ya ƙi yarda tari ne, wai ƙurar rumbun giya ce.

Kai da ke Kanada za ka yi mini dariya in na ce sanyi. Amma abin da ya sauko mana a watan nan, Papa ma da shekarunsa saba'in da uku bai taɓa ganin irinsa ba. Janairu ya zo da ɗumi, har ruwa ya fara hawa jikin itatuwan inabi. Sai Fabrairu ya rufe mu. Dusar ƙanƙara har gwiwa. Ruwan da ya hau jikin itacen ya daskare a ciki ya tsaga shi. Kana tafe cikin layi sai ka ga gindi a buɗe kamar an sa masa gatari.

Jiya na bi Papa zuwa Gangaren Maman, gonar marigayiya mahaifiyarmu. Ya fito da wuƙarsa ya yanka idon toho ɗaya a reshe, cikinsa baƙi. Ya matsa gaba ya yanka wani, baƙi. Haka har ƙarshen layi. Da muka kai bukkar dutsen da ke tsakiya, ya ninke wuƙar ya ce, "A tumɓuke. Duka."

Na ce, "Papa, ku dakata. Saman ne ya mutu. Dusa ta lulluɓe gindin, wataƙila saiwar na da rai. A datse su dab da ƙasa, a jira toho."

Ya ce, "Ke kina da lokacin jira."

Ka san abin da gangaren nan yake ga gidanmu. Sauran gonakin suna ba giyarmu jiki da launi, amma abin da ke sa masu saye daga Bordeaux har Brussels su gane Aubrelac ido rufe, daga nan yake fitowa, daga saiwar da ta shekara sittin tana ratsa farin dutse. Baurin nan mai laushi da ke zama a harshe bayan an haɗiye, da ƙanshin da Maman ke cewa na ƙasa ne bayan yayyafi. Sabon dashe ba ya ba da wannan. Giyarsa mai fara'a ce amma ba zurfi, sai ta yi shekara goma sha biyar kafin ta san abin da take son faɗi.

Maman ta bar mana gangaren, ni da kai, rabi da rabi. Papa ba zai sa sarƙar tumɓuka a gindi ko ɗaya ba sai da yardarmu. Na faɗi tawa. Saura taka.

Giyar bara tana cikin ganguna lafiya, sanyin bai kai rumbu ba. Baƙa ce wuluk, mai taurin kai, irin wadda Papa ke so.

Kada ka ce za ka taso. Babu abin da zuwanka zai gyara a nan. Ka rubuto kawai.

Ƙanwarka,
Maylis

Beauharnois, Québec
Maris, 1956

Maylis,

Takardarki ta same mu lafiya. Ki gaida Papa, ki ce masa ƙurar rumbu ma likita na da maganinta. Réjeanne tana gaishe ku. Tana da ciki, ana sa ran haihuwa wajen Yuli. Ba ta iya jin warin kofi, don haka ni ma an hana ni, a waje nake sha kamar ɓarawo.

Na karanta labarin gangaren a wurin aiki, a tsaye cikin laka. Na tuna ranar da Maman ta ɗora ni a kan bukkar dutsen nan ta ce in ƙirga layuka, na kasa, ta yi ta dariya. Na koma gida na ce wa Réjeanne zan nemi hutu in hau jirgi. Sai na sake karanta takardar har ƙasa, na ga kin ce babu abin da zuwana zai gyara.

Gaskiyarki. Shekara takwas ke nan da na tafi. Ranar da zan fita Papa ya ce wanda ya bar gona ya bar bakinsa a ƙofa, ban yi zaton ke ma haka kika ɗauka ba. Ni yanzu kankare na sani da ƙarfe. Ban san bambancin ido mai rai da matacce ba sai an nuna mini.

Saboda haka ba ni da bakin magana. Ku ne a wurin, ku ne kuka gani. Abin da kuka yanke a kan rabona, shi ke nan.

Nan har yanzu kogin a daskare yake, motoci na bi ta kansa. Mutanen nan ba su ɗauki sanyi abin labari ba. Na ce wa wani abokin aikina sanyi ya kashe mana inabi, ya ce, "To ku shuka tuffa mana."

Yayanki,
Séverin

Aubrelac
Afrilu, 1956

Séverin,

Ina fata kana lafiya, da Réjeanne da abin da ke cikinta. Allah ya sauke ta lafiya. Tarin Papa ya yi sauƙi. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Takardarka ta zo muna cin abincin rana. Papa ya ce in karanta a fili, na karanta, don ban san abin da ke ƙasa ba. Da na kai inda ka ce abin da muka yanke a kan rabonka shi ke nan, sai ya zuba giya a sauran romonsa, ya ɗaga kwanon ya shanye, ya goge gashin baki.

Ya ce, "Kin ji. Ke kin yanke naki. Nasa ya bar mini."

Na ce, "Ba haka ya ce ba."

Ya ce, "Karanta kuma."

Na sake karantawa. Ban sami abin da zan kama ba. Kalma ɗaya na roƙe ka, Séverin, a jira ko kada a jira. Ka aiko mini da shafi biyu babu ita a ciki.

An ja igiya daga bukkar dutse zuwa hanya. Ɓangaren gabas nawa, na yamma naka. Nawa mun datse shi dab da ƙasa, ni da mata huɗu, mun tara ƙasa a kan kowane kututture. Naka kuwa Ulysse, shugaban ma'aikatan gona, ya kawo shanu da sarƙa. Kafin ya ɗaura ta farko ya cire hula ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ka taɓa jin ƙarar saiwa tana rabuwa da dutse? Wasu sun fi mutum biyu tsawo. Na karya ɗaya da hannuna, cikinta fari ne, da danshi. Na kai wa Papa.

Ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan na da rai. Ta kusa da ita fa? Da ta gaba? Kin san nawa ne? Ni ma ban sani ba. In na jira shekara suka ƙi tohowa, shekara ta tafi, ni kuma ba ni da su da yawa a aljihu. In na dasa bana, shekara huɗu in ga 'ya'ya. Ina so in sa sabuwar giyar gangaren nan a bakina ko sau ɗaya, ko da ruwa-ruwa ce. Uwarki ba ta gaya miki cewa ita ma dasawa aka yi ba? Kakanki ya tumɓuke na ubansa bayan ƙwaro ya cinye su, har aka ce ya haukace."

Duk da haka ban yarda ba.

Ran Lahadi ya sa aka gasa nama a kan itacen da aka tumɓuke, kamar yadda ake yi da rassan da ake datsewa kowace shekara. Ya kira ma'aikata duka. Ƙanshin ya cika tsakar gida. Ya ce itace mai shekara sittin bai kamata a jefar da shi kamar shara ba. Kowa ya ci. Ni na shiga rumbu na zauna a kan ganga.

Yanzu in ka tsaya a hanya, rabi kututture ne a jere, rabi fili fetal. Ni da Papa muna gaisawa da safe, muna miƙa wa juna gishiri.

Rabonka ke nan. Na ga ya kamata ka sani.

Maylis

Beauharnois
Mayu, 1956

Ƙanwata Maylis,

Ina gaishe ki da Papa. Muna lafiya. Réjeanne ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, amma likita ya ce ba komai.

Na karanta takardarki sau uku. Ba abin da nake nufi ke nan ba. Da na ce "ku", ke nake gani a gabana. Na ɗauka tunda ke kika rubuto, ke ce za ki karanta, ke ce za ki yanke. Ban kawo teburin cin abinci a raina ba, ban kawo Papa da kwanon romonsa ba, alhali na fi kowa sanin yadda ake karanta takarda a gidan nan.

Da kin tambaye ni a tsaye, fuska da fuska, da na ce a jira. Ban rubuta ba saboda maganarki ta kada in taso ta tsaya mini a rai, na ce to tunda ba a bukatata, bari in nuna ban damu ba. Réjeanne ta karanta takardarki ta farko ta ce, "Wannan ba korarka take yi ba, tausayinka take ji." Ban saurare ta ba.

Ki gaya mini me kike nufi da maganar nan. Kuma ki gaya mini ko kututturan sun fara motsi.

Séverin

Beauharnois
Ƙarshen Yuli, 1956

Maylis,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Tun Afrilu ban ga rubutunki ba. Kullum na dawo aiki sai na duba akwatin ƙofa kafin in cire takalmi. In Papa ne ba lafiya, kada ki ɓoye mini.

Réjeanne ta sauka lafiya. Mace ce. Mun sa mata Aliénor, sunan Maman. Tana da goshin Papa, da fushinsa in abinci ya makara.

Ranar baftisma, bayan coci, na buɗe kwalbar giyarmu ta shekarar arba'in da bakwai da kika cusa mini a akwati. Shekara takwas ina jan ta daga ɗakin haya zuwa ɗakin haya. Surukina, mutumin kirki ne amma giyar hatsi ya sani, ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ce ake ta labari? Kamar na tauna ɓawon itace." Na ce a bar ta a kan tebur tukuna. Muka ci miyar wake, muka ci nama, aka yi ta surutu. Can wajen la'asar Réjeanne ta ɗauki kofinta ta shinshina. Ta ce, "Wa ya canja mini kofi?" Baurin ya kwanta. Ƙanshin busassun 'ya'yan itace ya taso, da na fata mai kyau, da wani abu a ƙarƙashi mai sanyi kamar ka shiga bukkar dutse da tsakar rana. Surukina ya miƙo kofinsa a ƙara masa.

Réjeanne ta ce, "Yanzu na gane danginka. Sai an zauna da ku an ƙyale ku tukuna."

Na sha nawa a hankali, ina tunanin wani sashe na abin da ke cikin kofin nan ya fito ne daga wurin da yanzu fili ne. Ba zan ce miki ban ji komai ba.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Séverin

Aubrelac
Oktoba, 1956

Yayana,

Barka da samun Aliénor. Allah ya raya ta. Ka gaida Réjeanne, ka ce mata na gode da ta karanta ni daidai. Papa lafiyarsa ƙalau, ni ma haka. Takardunka biyu sun zo. Ban amsa ba don ban san abin da zan ce ba sai ƙasa ta gama magana, kuma ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba.

Ga abin da ya faru. A ƙarshen Mayu kututturan suka fara toho. Na yi murna har na kusa rubuto maka takardar gori. Gara da ban yi ba. Ka san kowane itacenmu aure ne, wato haɗin iri biyu, saiwar inabin Amurka a ƙasa, namu a sama. Da ganye ya buɗe sai na ga da yawa daga ƙasan auren suka fito, ganyen daji ne, ba zai taɓa ba da 'ya'yan kirki ba. Wasu kuma ko motsi ba su yi ba. Waɗanda suka toho na gaske sun ɗan haura rabi. Layukana yanzu kamar bakin tsohuwa, haƙori nan, giɓi can.

Papa kuwa bai sami dashe ba. Duk ƙasar nan kowa nema yake, masu renon dashe sun ce sai baɗi, wataƙila ma baɗin baɗi. Ya je Libourne, ya je har Blaye, ya dawo hannu wofi. Shekarar da ya ƙi ba ni, ta tafi duk da haka. Filinka yana nan, ciyawa ta rufe shi.

Ranar da ya dawo daga Blaye bai ci abinci ba. Washegari da safe na fita na same shi a ɓangarena, a durƙushe, yana ɗaure sabon toho a jikin sanda. Gwiwarsa ba ta son durƙuso, ka sani. Na tsaya a bayansa.

Ya ce, bai waiwayo ba, "Wa ya koya miki ɗauri? Iska ɗaya za ta karya su."

Na ce, "Ku kuka koya mini."

Ya ce, "To ban koya miki da kyau ba. Miƙo igiya."

Tun ranar kullum yana can.

Mun gama tsinkar inabi makon jiya. Abin da gonakin ƙasa suka ba mu kaɗan ne, kuma tsami gare shi. Papa ya ɗanɗana daga babbar ganga, ya tofar, ya ce, "Wannan ba za ta ɗauki sunan gidan nan ba." Ya ce a sayar da ita ba suna. Tun da kakanmu ya fara sa tambari a kwalba, ba a taɓa tsallake shekara ba sai bana. Ulysse ya fita waje ya daɗe yana gyaran abin da bai lalace ba.

Ka tambaye ni me nake nufi. Abu biyu ne. Na farko, ban so ka bar aikinka ka haye teku don ka ga Papa yana yanka matattun idanu ba. Na biyun ya fi wuyar rubutawa. Shekara takwas ni ke tashi da ma'aikata, ni ke zama da masu saye, amma makullan rumbu suna aljihun Papa. Na ji tsoron in ka sauko daga jirgi, injiniya, ɗa namiji, zai miƙa maka su a bakin ƙofa, ni kuma in koma zuba miya. Ba korarka na yi ba. Amma ba tausayi kaɗai ba ne, ka gaya wa Réjeanne.

Yanzu ga tambaya, kuma a wannan karon ka amsa da kalma ɗaya. Ina so in zaɓi waɗanda suka fi ƙarfi cikin itatuwan da suka tsira, in yanki idanunsu da sanyin nan mai zuwa, a yi musu aure, a dasa filinka da su. Zai ƙara jinkiri, sai bazarar hamsin da takwas. Amma jinin gangaren ne zai koma gangaren. Ban gaya wa Papa ba tukuna. I ko a'a?

Ƙanwarka,
Maylis

Beauharnois
Nuwamba, 1956

Maylis,

Muna lafiya, mu uku. Aliénor ta fara dariya.

I.

Wannan ki karanta ta a tebur, da ƙarfi.

Séverin

Aubrelac
Fabrairu, 1957

Séverin,

Ubanka ne. Ina lafiya. Likita ya ce in rage gishiri, na ce masa shi ma ya rage magana. Ka gaida matarka. Hoton yarinyar yana kan kantar da ke saman murhu. An ce goshina ne, ban ga abin kuka a ciki ba.

Ban saba rubutu ba, ƙanwarka ce mai alƙalami, amma akwai abin da ba zan ba ta ta rubuta ba.

An karanta mini amsarka. Gajeriyar takarda ce, ta fi ta farko. Mun yanki idanun a Janairu, ni na riƙe kwando. Za a dasa baɗi. Na yi lissafi a kaina, giyar kirki daga filin nan sai 'yarka ta isa aure. Ba zan sha ba. Na yi kwanaki ina jin haushin wannan, sai na tuna kakanka ma bai sha ta arba'in da bakwai ba, kai ka sha, da wani mutumin Kanada da ya ce ɓawon itace ce. In ka ga dama ka kawo shi nan, zan gyara masa baki.

Na tumɓuke rabonka da gaggawa. Wasu suna da rai. Na gani da idona. Ba zan ƙara magana a kai ba.

Makullan rumbu suna hannun Maylis tun Kirsimeti. Na gaya maka ne don ka sani, ba don ka ce wani abu ba. Ɗakinka yana nan, in kun zo dashe.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya muka ɗanɗana giyar shekarar hamsin da biyar ganga-ganga, kafin a tace ta da farin ƙwai a shirya ta don kwalba. Giya ce babba, za ta fi ni daɗewa, ta fi ka. Akwai ganga biyu daga gonar bakin hanya da nake so ƙwarai, masu ƙarfi, masu cika baki. Ƙanwarka ta kurɓa, ta ɗauki alli ta ja musu layi, ta ce a fitar da su daga haɗin. Wai suna ɗaga murya, suna rufe bakin gangaren, kuma wannan ce giya ta ƙarshe da gangaren ya bayar yana cikakke, a bar shi a ji shi. A gaban Ulysse ta faɗa. Na ce mata shekara hamsin ina haɗa giyar gidan nan. Ta ce, "Na sani, Papa." Ba ta goge layin ba.

Da suka tafi cin abinci na koma ni kaɗai. Na haɗa kofi biyu, ɗaya da gangunan nan, ɗaya babu. Na zauna da su har baurinsu ya kwanta, sannan na kurɓa. Ita ce da gaskiya.

Ban gaya mata ba. Kai ma kada ka gaya mata.

Ubanka,
Anselme Darrigol